Wai da gaske gudun safe na shanye jinin mace? Fashin baƙi kan ayon, abinci da motsa jiki

Tambayar da ta hana gurup ɗinmu na WhatsApp sakat kusan sati biyu kenan: wai motsa jiki yana shanye jinin mace ne, ko ƙara shi yake yi? Mu dai mata ne da muke haɗuwa duk Asabar da sassafe a wajen filin wasa na Rwang Pam a nan Jos, mu ɗan zazzaga, mu yi erobik, wasu don rage teɓa, wasu kuma likita ne ya tura su saboda hawan jini ko suga. To ranar nan ƙanwata, wacce ta fi kowa zafin nama a cikinmu, muna zagaye na uku kawai sai ta dafe gwiwa ta ce "Yaya, duhu-duhu nake gani", muka zaunar da ita a bakin kwalbati, da na ja fatar idonta ƙasa sai na ga ciki fari fat, leɓen ma ya koɗe. Kafin azahar labari ya kai gida, Gwaggo ta kira ni ta ce ai dama ta faɗa, mace da guje-guje kamar ɗan ƙwallo, jinin da za ta haihu da shi ne take ƙonawa a titi. A gurup kuma wata ta ce ƙarya ne, motsa jiki ƙara jini yake, wata ta ce a ba ta malt da madarar gwangwani kwana uku ta miƙe. Kowa da gaskiyarsa a hannu, shi ya sa na ce bari in zauna in warware abun dalla-dalla yanda na fahimce shi.

Jinin da ke yawo daban, rumbu daban

Idan muka ce "ba ta da jini" ba wai ruwan jinin ne ya ƙafe ba. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani abu da ake kira himogulobin, shi ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa tsoka da ƙwaƙwalwa da ko'ina, kuma ba ya ƙeruwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda a asibiti za ki ji ana ce wa ayon. Gaba ɗaya ayon ɗin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, na mace ma yakan gaza haka, kamar nauyin ƴar ƙaramar ƙusa kenan. Kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jinin da ke yawo, mafi yawan sauran kuma an adana shi a hanta da saifa da ɓargo cikin wani sinadari mai suna feritin. Wannan feritin ɗin shi nake kira rumbu.

Kinga anan ne rikicin yake farawa. Gidan da ake dafa tuwo kullum, wanda ya leƙo kicin zai ce lafiya lau, bai san rumbu ya kusa ƙarewa ba, sai ranar da aka sa kwarya aka ji ta daki ƙasa. Haka jiki yake, zai yi ta kwaso ayon daga rumbu yana ƙera jini, PCV ɗinki, wato gwajin da ke auna yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya fito daidai, alhali ajiyar ta ƙare tuntuni, kuma tun a wannan matakin mace tana iya fara jin kasala, gashi na karyewa, haki a ɗan hawan da ba a bakin komai ba, wata ma ta riƙa kwaɗayin taunar ƙanƙara ko farar ƙasa. Sai rumbu ya zama wayam sannan himogulobin ya fara sauka, a nan ne ake cewa ƙarancin jini. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, shi ne himogulobin ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki, ƙasa da 11 ga mai ciki, sai dai a watanni ukun tsakiyar ciki ƙasa da 10.5 ne. Feritin kuma idan ya yi ƙasa da 15 rumbu ya ƙare, likitoci da yawa ma tun daga ƙasa da 30 suke fara damuwa.

Wani abu da ya shafe mu mu ƴan Jos: garin nan yana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, iskar ta ɗan fi sirantaka, don haka jikin mazauna nan yakan ƙera himogulobin ɗan sama da na mutumin Legas. Ma'ana 12 cif a Jos ba daidai take da 12 a bakin teku ba, akan ɗan rage wani abu kafin a yanke hukunci.

Me ya sa mu mata abun ya fi kamawa

Lissafi ne kawai. Jiki ba shi da wata hanya ta musamman ta fitar da ayon, yana zubar da kusan miligiram 1 a rana ta fata da hanji, sauran kuwa juya shi yake yi, ƙwayar jini ta yi kwana 120 ta mutu, saifa ta kwashe ayon ɗin a sake ƙera sabuwa da shi. Namiji shikenan lissafinsa ya ƙare. Ita kuwa mace duk wata akwai al'ada. Matsakaicin jinin al'ada mililita 30 zuwa 40 ne, wato babban cokali biyu zuwa uku, kuma duk mililita ɗaya na jini tana tafiya da kusan rabin miligiram na ayon, kinga wajen miligiram 15 zuwa 20 kenan a wata. Wacce take zubar da sama da mililita 80 kuwa, wanda shi likitoci ke kira al'ada mai yawa, tata asarar ta ninka. Shi ya sa ake cewa mace mai shekara 19 zuwa 50 tana buƙatar miligiram 18 a abinci kullum, mai ciki 27, namiji 8 kacal.

Sai ki ɗora haihuwa kusa-kusa, jinin biƙi, maleriya mai fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki, ga tsadar nama. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Fiye da rabi fa. Kuma akasarinsu ba su taɓa sa takalmin gudu ba a rayuwarsu, wannan kaɗai ya isa ya nuna ba gudu ne tushen matsalar ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yanda muke ɗaukar al'ada mai yawa kamar ba komai. Ƙanwar nan tawa sai da likita ta tsare ta da tambaya sannan ta ce kwana takwas take yi, kwana biyun farko duk awa biyu sai ta canza pad, harda guda-guda, kuma a tunaninta haka kowa take, tunda ba hirar da ake yi ba ce ko tsakanin ya da ƙanwa. Ni da muke ɗaki ɗaya shekara da shekaru ban sani ba.

Mai gadin da ke zaune a hanta

Wannan shi ne ɓangaren da yawancinmu ba mu taɓa ji ba, kuma shi ne ya haɗa abinci da motsa jiki wuri guda. Tunda jiki ba ya iya fitar da ayon idan ya yi yawa, kuma yawansa guba ne, to dole a tsare ƙofar shiga. Hanta tana fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, sai wajen shekarar 2000 zuwa 2001 masana suka gano shi, aikinsa kamar mai gadi ne. Idan ya yi yawa a jini sai ya rufe ƙofar da ayon ke bi daga hanji ya shiga jini, ya kuma garƙame rumbu kar a fitar da na ciki. Idan ya yi ƙasa, ƙofa a buɗe, abin da kika ci ya shiga.

Abubuwan da ke tada shi sanannu ne. Idan rumbu ya cika yana tashi. Idan akwai ciwo ko kumburi a cikin jiki, kamar maleriya ko taifod ko wata cuta mai daɗewa, yana tashi, don jiki yana ɓoye ayon ne daga ƙwayoyin cuta su ma da suke buƙatarsa. Ƙiba mai yawa ma tana sa shi zama a sama-sama kullum, saboda kitse yana haifar da ɗan kumburin da ba a gani, shi ya sa za ki ga mace jiki masha Allah amma an auna an ce ba ta da ayon, mutane su yi ta mamaki wai duk wannan jikin. Sannan yana da lokaci: da safe yana ƙasa, yana ƙaruwa yayin da rana ke yi. Kuma ita kanta ƙwayar ƙarin jinin idan kika sha mai ƙarfi tana tada shi har zuwa washegari.

Inda Gwaggo ta yi gaskiya, da inda ta zarce

Motsa jikin da ake magana a kai shi ne mai sa haki na tsawon lokaci, gudu, sassarfa, tafiya da sauri, keke, igiya, rawar erobik. Idan ya yi tsanani ya kuma daɗe, tsoka tana sakin wani saƙo irin na kumburi, hanta ta ji, sai ta saki hefsidin, kuma yakan kai ƙololuwa awa 3 zuwa 6 bayan an gama. Ma'ana wacce ta yi gudu mai wahala ƙarfe bakwai na safe, daga wajen goma zuwa ɗaya na rana ƙofar a ɗan tura take, abincin da ta ci a tsakanin ba duka ayon ɗinsa zai samu shiga ba. Ban da wannan, dukan da tafin ƙafa ke yi a kwalta yana fasa wasu ƙwayoyin jini, ana rasa ɗan kaɗan ta zufa, masu dogon gudu kuma wani lokaci har ta hanji da fitsari. Don haka maganar Gwaggo ba a banza take ba, ƴan matan da ke atisayen dogon zango kullum, irin waɗanda ake samu a wajajen Pankshin, su kam dole a sa musu ido sosai.

Amma fa mu faɗa wa juna gaskiya, mu da muke zagaye huɗu muna hira ranar Asabar ba mu kai nan ba. Abin da WHO ta ba da shawara ga manya shi ne minti 150 zuwa 300 a sati na matsakaicin motsa jiki, irin wanda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, kuma wannan ba ya ƙarar da jinin mai lafiya. Hasali ma a tsawon lokaci yana rage ƙiba da kumburin nan, mai gadin ya sassauta. Akwai ma wani abu da ke ruɗa mutane: idan kika fara motsa jiki a kai a kai ruwan jininki yana ƙaruwa, sai PCV ya ɗan sauka a takarda alhali ƙwayoyin ba su ragu ba, kamar an ƙara ruwa a kunu ne, gasarar tana nan yanda take.

Inda matsalar take shi ne haɗa abu uku lokaci guda, kuma wallahi haka yawancinmu muke yi in muka tashi rage ƙiba: a fara gudu kullum, a yanke abinci a koma shayin slimin da kokwamba, ga al'ada tana zuba yanda ta saba. Ƙarancin abinci shi kansa, musamman yanke su shinkafa da tuwo gaba ɗaya, yana ƙara tada hefsidin bayan atisaye. Ƙanwata wata uku ta yi a haka saboda bikin ƙawarta. Rumbun dama saura ƙiris, gudun ne ya zo ya tona asiri, don wacce ke zaune a gida za ta iya shekara da ƙarancin ayon tana cewa gajiyar aiki ce, amma wacce ta nemi hawa tudun Jos a guje jikinta zai faɗa mata a ranar.

Ba abin da kika ci kaɗai ba, da me kika haɗa shi

Ayon iri biyu ne a abinci. Na nama, kifi, kaza, hanta, ƙoda da saifa, shi jiki yana ɗaukar kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa kuma ba ya cika jin tsangwama. Na tsirrai kuwa, wake, waken suya, zogale, alayyahu, rama, kuka, gero, riɗi, gyaɗa, abin da ke shiga yana iya zama kashi 2 kacal, yana iya kaiwa 20, ya danganta da abokan tafiyarsa. Tunda yawancinmu a kan na biyun muke rayuwa, nan ne dabara take.

Babban abokin gaba shi ne shayi. Eh, shayin nan da sanyin Jos ya sa ba ma iya rabuwa da shi. Ganyen shayi da kofi suna da sinadarin da ke ɗaure ayon a cikin hanji, kofin shayi ɗaya tare da abinci yana iya rage abin da zai shiga da fiye da rabi. Ki duba karin kumallonmu bayan gudu: ƙosai ko alale, ga wake mai ayon, sai a kora da shayi mai kauri da madara, ita ma madarar sinadarin kalsiyam ɗinta yana tare hanya. Ba cewa na yi a daina shayi ba, ni kaina ba zan iya ba, a dai ba shi tazarar awa ɗaya ko fiye bayan abinci.

Babban aboki kuma bitamin C ne, kuma a nan Allah ya yi mana gata, ki shiga kasuwar Farin Gada ki ga tumatir, tattasai, koren tattasai, kabeji, ga lemo da gwaba, ga sitiroberi a lokacinsa. Ɗanyen tumatir da tattasai a kan kwaɗon zogale, matsa lemon tsami a faten wake bayan an sauke, lemon zaƙi ɗaya bayan tuwo, duk suna ƙara abin da jiki zai ɗauka. Ɗan nama ko kifi kaɗan a miya ma yana jan na ganyen su shiga tare. Hatsi da wake suna da wani sinadari a dusarsu da ke riƙe ayon, kuma jiƙawa da tsimawa suna rage shi, wato jiƙa gero a yi kamu ya kwana ya yi tsami, jiƙa wake kafin a dafa, daddawa, duk abubuwan da iyayenmu ke yi ba tare da sun san sunan sinadarin ba. Gwaten acha da aka cika wa ganye da yakuwa aka jefa ɗan kifi ya fi kwanon indomi nesa ba kusa ba.

Hanta tana da kusan miligiram 5 zuwa 6 a giram 100, sau ɗaya a sati ya wadatar, amma mai ciki ta yi hankali da ita, bitamin A ɗin cikinta ya yi yawa ga ɗan tayi.

Game da lokaci kuma, wani bincike da aka yi kan ƴan gudu a Ostareliya a 2019 ya nuna ayon ya fi shiga idan aka ci shi da safe cikin minti 30 bayan gama gudu, kafin mai gadin ya farka. Don haka wacce ke gudun safe kar ta dawo ta tsaya wanka da shara da kai yara makaranta sai goma ta karya, ta ci abin kirki da wuri.

Malt da madara, zoɓo, da kwalaben kemis

Malt da madarar gwangwani suga ne da kitse da ɗan furotin, za ki ji ƙarfi na ɗan lokaci, amma madara kusan ba ta da ayon, kuma kamar yanda na faɗa tare hanya ma take yi. Zoɓo kuma jan launinsa ne ya sa muke haɗa shi da jini, launin fure ne kawai, abin sha ne mai kyau amma ba zai cika rumbun da ya ƙare ba. Su tonik na kwalba wasu suna da ayon na gaske, wasu ɗan kaɗan ne aka cika da suga da bitamin, sai kin juya bayan kwalbar kin karanta. Wani mai kemis a unguwarmu har kwalba uku ya haɗa wa ƙanwata a ranar, bai tambaye ta komai ba, ko jinotayif ɗinta.

Gwaji kafin ƙwaya

Wannan tambayar ta jinotayif ba ƙarama ba ce. Mai sikila jininta yana ƙasa amma sau da yawa ba rashin ayon ba ne, wacce ake yawan ƙara wa jini ma ayon ɗin yawa yake mata har ya taɓa hanta da zuciya. Ƙarancin jini kuma yana iya zuwa daga rashin folik asid ko bitamin B12, ko ciwon ƙoda, ko olsa mai zubar da jini a ɓoye, ko fibroid, wato ƙarin da ke fitowa a mahaifa. Shi ya sa in da hali a nemi cikakken gwajin jini tare da feritin, ba PCV kaɗai ba, kuma kar a yi feritin ana cikin zazzaɓi, don ciwo yana ɗaga shi ya nuna kamar rumbu a cike yake.

Idan likita ya tabbatar ya rubuta ƙwaya, ita jar ƙwayar nan da ake bayarwa a wajen awo mai miligiram 200 tana ɗauke da ayon kusan 65. A sha da ruwa ko lemo, da safe, ba da shayi ko madara ba. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai, wasu kuma tana sa su tashin zuciya ko taurin ciki har su watsar. Masu bincike a Zurich ta ƙasar Suwizalan sun nuna a 2017 cewa matan da suka sha ƙwayar rana ɗaya suka tsallake ɗaya, jikinsu ya fi ɗaukar kaso mai yawa fiye da masu sha kullum, saboda dai wancan mai gadin da ƙwayar ke tadawa, don haka wacce ƙwayar ke wahalarwa ta tambayi likitanta ko za a mayar mata haka. Mai ciki dai ta bi yanda aka tsara mata a awo. Kuma ko jini ya dawo daidai akan ci gaba har kusan wata uku don a cika rumbu, a nan ne yawancinmu muke yankewa da mun ji sauƙi. A kuma ɓoye ta nesa da yara, kamar alewa take a idonsu, kuma yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.

Ƙanwata dai PCV ɗinta ya ɗan sauka kaɗan ne, feritin ne aka samu a ƙasa warwas. Likitar ta ce ta ajiye gudu tukuna ta koma tafiya da sauri, ta dawo da cin abinci kamar mutane, ta rubuta mata ƙwaya, sannan ta tura ta sikanin don a duba dalilin yawan al'adar. Asabar ɗin da ta wuce ta zo filin da lemo biyu a jaka da fulas ɗin shayinta, muka gama ta ci alalenta ta sha lemon, shayin kuma ta ce sai ta isa gida. Gwaggo har yanzu ba ta yarda ba, jiya ma ta aiko mata da katan ɗin malt.